Wifin Ɗakin Takaba

Gidajen da na saka wa wifi a Filinge suna da yawa, har wasu sun ɓace mini. Amma kwanakin da na yi a zauren marigayi Alhaji Hama ina gyaran na'urar da aka hana ni ganin inda take, waɗannan ban taɓa mantawa da su ba. Ina rubuta labarin ne saboda ku da kuka shigo sana'ar nan a bayanmu, musamman masu ganin cewa duk wanda ya iya karanta abin da waya ke nunawa ya gama iya aiki.

Kafin in koma wannan sana'a na yi shekaru a gidan radiyon jama'a, a bayan teburin sauti. Ni ne mai sa abin kunne in saurari mai magana, in ɗaga wannan murya in sauke waccan. Har yau Zabairu na radiyo ake ce mini a gari. Aikin ya bar mini son a faɗi magana daidai yadda take, ya kuma bar mini kunnen da ke kama ƙaramin motsi.

Ga wanda ba ɗan sana'a ba, ga yadda abin yake. Gidajenmu ba irin wanda aka zana a jikin kwalin na'ura ba ne. Butik, wato shago, a gaba, sai zaure, sai tsakar gida mai faɗi, ɗakuna can ciki, katangar ƙasa mai kauri, rufin kwano. Na'ura ɗaya ba ta iya cika irin wannan gida. Don haka ake saka babba a inda intanet ke shigowa, mu muna ce mata uwa, sannan a kai ƙarama cikin gida, muna ce mata ɗa. Takardar cikin kwali tana kiran ɗan da sunan satelit, amma babu abin da ya haɗa shi da na sararin sama. Babu waya tsakanin uwa da ɗa, ta iska suke magana. In ɗa yana jin uwa, ƴar fitilar da ke goshinsa fara ce. In ba ya ji, sai ta koma ja. Ni kuma ina da apilikasiyon, wato manhaja, a wayata da ke nuna mini ko suna jin juna, da ƙarfin jin.

Ni na saka na gidan Alhaji Hama tun yana da rai. Ɗansa Harisu, da ke kasuwanci a Kwatano, shi ya aiko da kayan don ya riƙa ganin iyayensa in suna magana. Uwa na aje ta a butik ɗin ƙofar gida, inda ƙanen Alhaji, wato Alhaji Mamman, ke sayar da shinkafa da mai da sukari, saboda a kan rufin nan eriyar da ke kawo intanet take. Ɗan kuma na kai shi ɗakin Hajiya Rabi, matar Alhaji, domin a nan batirin sola yake. Na ɗora shi a kan tebur, gefen tagar da ke kallon butik, na ce kada a gusar da shi daga nan. Ya yi watanni yana aiki ba wanda ya neme ni.

A farkon damanar bara waccan Allah ya yi wa Alhaji Hama rasuwa, Hajiya Rabi ta shiga takaba. Yayar marigayin, wata tsohuwa da ake kira Inna Kulu, ta taso daga Tabla ta zo ta zauna da ita. Ita kanta ta taɓa yin takaba, kuma tana riƙe da ƙa'idojinta yadda ta same su a wajen nata iyayen. Ta farko ita ce, duk namijin da ba na gida ba iyakarsa zaure.

Harisu ya zo jana'iza ya koma da wuri, domin ya baro matarsa da tsohon ciki. Ba a jima ba ta haifi namiji. Sai ya kira ni. Ya ce suna ya matso, sunan mahaifinsa zai sa wa yaron, kuma wifin ɗakin mahaifiyarsa ya daina aiki. Ita ba ta da halin zuwa Kwatano, ba ta ma da halin fitowa butik inda maza ke zama. Rezon waya kuwa, wato sabis ɗin kira, a cikin ɗakin da ƙyar yake ɗaukar murya, balle hoto. Ya ce tun rasuwar ba ta cin abincin kirki, ba ta magana sai an tambaye ta, kuma abu ɗaya tak ta roƙa da bakinta, ta ga yaron ranar suna ta ji an kira sunan. Na ce masa ya kwantar da hankalinsa, aikin yini ɗaya ne.

Na iske Alhaji Mamman a butik, na sake yi masa gaisuwa, sannan na tambaye shi tun yaushe abin ya tsaya.

"Ai wanga ba na gyara ba ne, injiniya," in ji shi. "Tun ran da anka kai maigida shi ma ya mutu. Ya san mai shi."

Na ce masa Allah ya jiƙan Alhaji, amma na'ura ba ta san makoki ba. Ya ce to, ni ne na yi lakwal, wato boko, in gwada.

Tunda ba ni da izinin shiga, sai aka haɗa ni da Madam Fati, ɗiyar Hajiya, malamar makaranta ce a garin Damana, ta zo zaman makoki hutu ya riske ta a gida. Na ji daɗi ƙwarai. Mace mai ilimi, ta san waya, ba sai na yi ta kwatance ba. Muka shirya ni in zauna a zaure da abin kunnena, ita tana ɗaki, muna magana ta kiran waya, ta zama idona da hannuna.

Na fara daga inda ake farawa. Akwai wuta a jikinsa? Ta ce akwai. Yana kan tebur gefen taga, inda na bar shi? Ta ce yana nan. Wane launi fitilar take? Ta ce ja. Na sa ta zare shi daga wuta ta jira kaɗan ta mayar. Ja. Na kashe uwa na kunna. Ja. A wayata apilikasiyon yana cewa ɗa ba ya nan sam.

Na ce ta fito mini da shi. Ta kawo shi zaure naɗe a cikin ɗan kwali, fes, babu ko ƙura, sai dai da zafi a jikinsa fiye da yadda na saba ji. Na kai shi butik na jona kusa da uwa. Kafin Alhaji Mamman ya gama auna wa wata mata shinkafa, fitila ta yi fari. Na gwada shi a zaure da doguwar waya, nan ma fari. Don in cire shakka na soka tsinke a ɗan ramin da ke bayansa, wanda ke goge duk abin da ya haddace ya koma sabo, na sake haɗa shi da uwa, na sabunta masa manhaja. Na miƙa wa Madam Fati na ce ta mayar da shi daidai inda yake. Ta mayar. Na ga ya leƙo a wayata da ƙarfinsa, har na fara naɗe kayana, sai ya ɓace. Na tambaye ta launi. Ta ce ja.

Haka muka yini. A fito da shi ya yi fari, a mayar ya leƙo ya ɓace. Na zargi abin da ke ba shi wuta, na canja. Na zargi batirin sola, na sa ta karanto mini lambar da ke jikinsa, lafiya lau. Na sauya hanyar da uwa da ɗa ke magana a kai, daga mai sauri zuwa mai nisan zango. Na ce ta ɗauko mini hoton yadda yake zaune. Ta turo hoto: ga ɗa a tsaye a kan tebur, ga taga a bayansa, kamar ranar da na saka shi. Alhaji Mamman yana leƙo zaure lokaci lokaci yana tambaya ko mamacin ya motsa.

Za ku ce me ya hana in ja waya daga butik zuwa ɗakin. Na yi wannan tunanin. Babu mai tsawon haka a garin, sai an aiko daga Yamai, kuma ko ta zo ɗan sana'a ne zai shiga ya kafa ta. Na yi tunanin a fito da ɗan tsakar gida, amma babu wuta a can, ga ruwan sama, ga awaki. Uwa kuma ba ta barin gindin eriya.

Washegari na dawo da sabon zargi. A sana'ar nan, in abu ya yi aiki a wuri sannan ya daina, sai ka tambayi abin da ya shiga tsakani. Na tambayi Alhaji Mamman ko an gina wani abu a tsakar gida tun bayan rasuwa. Ya ce an kafa rumfar kwano saboda mata masu zuwa gaisuwa, a nan ma ake girki yanzu. Na ji kamar an sauke mini kaya. Kwano ƙarfe ne, ƙarfe kuwa yana tare wifi ya mayar da shi baya. Na yi masa bayani dalla-dalla, na ce rumfar ce, a cire ta. Ya dube ni, ya ce rumfar da mata ke fakewa a ciki da damana? Na ce ko rumfa ko suna, ya zaɓa. Ya tara mazan gidan suka kwance ta kafin azahar. Da la'asar aka yi ruwa. Ina zaune a zaure ina jin mata suna gudu da tukwane, ina jin sunana yana yawo a bakinsu. Na kira Madam Fati na tambayi launi. Ta ce ja. Ta ƙara da cewa Inna Kulu na gaishe ni, ta ce in akwai sauran abin da nake so a rushe in faɗa tun da rana, kada tuwon dare ya jiƙe kamar na rana.

Abin da ya rage mini shi ne in zargi na'urar kanta, ko da yake ta nuna mini lafiyarta sau da yawa. Ina da irinta a gidana. Na je na ciro tawa, na haɗa ta da uwar butik, na ba Madam Fati ta shiga da ita. Ta leƙo, ta ɓace, ta yi ja. Na bar ta a can har magariba ko za ta canja ra'ayi, ba ta canja ba. Na karɓo kayana na tafi gida, kaina yana ciwo, ga Harisu yana ta kira ban ɗauka ba.

A gida matata ce ta karɓi na'urar za ta mayar da ita mazauninta. Ta tsaya ta shinshina ta, ta dube ni, ta tambaye ni gidan wa na ce na yini. Na ce gidan marigayi Alhaji Hama, ɗakin Hajiya.

"Wace mai takaba ce ɗakinta ke ƙamshin humra haka?" in ji ta.

Na karɓa na shinshina. Humra ce da turaren wuta, har da wani ɗan baƙin tabo a gindi da ya yi kama da kwalli. Na rantse mata iyakata zaure. Ta ce ita ba ta ce komai ba, tambaya kawai ta yi. Amma tambayar ta zauna mini. Mai takaba ba ta shafa turare, ba ta sa kwalli, kuma ɗakin da Inna Kulu ke tsaro ba wurin da za a karya wannan ba ne. To a ina na'urar ta kwaso ƙamshi?

Ranar jajibirin suna na koma da sassafe. Kwanakin baya duk ina sauraron amsar Madam Fati ne kawai. Ran nan na ƙara sautin abin kunne, na aje apilikasiyon a gabana, na ce zan saurari ɗakin kansa yadda nake sauraron situdiyo. Na ce mata ta duba mini launi. Kafin ta amsa na ji wani ƙaran, ƙarfe ya gogi ƙarfe. A daidai lokacin ɗa ya leƙo a wayata. Ta ce ja. Sai na ji kwaram, ɗa ya ɓace. Na ɗan jira, na ce ta sake dubawa. Ƙaran, ya leƙo, ja, kwaram, ya ɓace. Wannan ƙarar na sha jin ta tun ranar farko, na ɗauka kwanonin gidan makoki ne ake ta ɗauka ana ajewa.

Na ce, "Madam, mene ne kike buɗewa duk lokacin da na tambaye ki launi?"

Ta ce, "Murfin kwalla."

Na ce wace kwalla. Ta ce kwallar da yake ciki mana. Na cire abin kunne na aje a kan tabarma, na danne fushina, domin gidan mutuwa ne, ba a ɗaga murya. Sannan na roƙe ta ta zo zaure.

Na tambaye ta, ba ta ce mini yana kan tebur ba? Ta ce ai kwallar a kan tebur take, gefen taga, ba a gusar da ita ko kaɗan ba. Hoton fa? Ta ce hoto na ce, ita kuwa ba za ta turo wa baƙo hoton kayan uwarta ba, sai ta fito da shi ta goge ta tsayar ta ɗauka ta mayar. Na ce me ya sa ba ta faɗa mini ba. Ta ce ban tambaya ba, sannan ta ƙara da wata magana da har yau ban ga laifinta ba.

"Malam Zabairu, kai ka ce muna abin ga yana ratsa katanga. Abin da ke ratsa katangar ƙasa, murhin kwalla ne za shi tsare shi?"

Muna cikin haka Inna Kulu ta fito da kanta, ta tsaya a bakin ƙofar ciki da carbi a hannu. Na durƙusa na gaishe ta. Ta ce ta ji ana ambaton kwallarta. Bayaninta a tsare yake, babu kwana. Ranar da Hajiya ta shiga takaba, ita ta bi ɗakin ta tattara duk abin ado, ƴan kunne, awarwaro, madubi, kwalli, kwalaben turare, ta zuba a babbar kwalla ta ƙarfe ta rufe, ba za a buɗe ba sai ranar fita. Wannan abu kuma fari ne, yana sheƙi, yana da fitila a goshi kamar kayan ɗakin amarya, matar ƙanenta ba za ta zauna da shi yana ƙyalli a kanta ba. Ta fara yafa masa zane, hasken ya huda zanen. Sai ta sa shi inda ƴan uwansa suke, ta fito da wayar wutar ta gefen murfi.

"Kai ka ce a bar shi bisa tebur, yana bisa tebur," in ji ta. "Harisu ya ce kada a zare mishi wuta, ba a zare ba. Mi kuma kuke so, mai radiyo?"

Na ce Inna, a fitar da shi daga kwallar kawai. Ta ce ba za a fitar ba. Na gaya mata cewa a shirye-shiryen addini da na sha riƙe wa sauti, malamai suna cewa adon da aka hana mai takaba na jikinta ne, ba na tebur ba. Ta tambaye ni cikin malaman nan wa ya taɓa yin takaba. Alhaji Mamman, wanda ya rufe butik ya zo kallo, ya ce shi dai abin da ya sani rumfarsa na ƙasa.

Na ga bayani da baki ba zai kai ni ko'ina ba. Na ari ƴar radiyon Alhaji Mamman, na kunna tashar da na yi wa aiki, na ɗauko sabuwar tukunyar ƙarfe daga butik, na sa radiyon ciki na rufe. Muryar mai labarai ta shaƙe ta koma shuuu. Na buɗe, ta dawo. Na ɗauko kwandon kaba na kifa a kanta, mai labarai ya ci gaba da maganarsa kamar ba a yi komai ba. Na ce wa Inna abin da ke faruwa ke nan, ƙarfe yana toshe masa kunne, kaba ba ta toshewa. In rufewa ake so, a rufe da kwando. Ta kalli tukunyar, ta kalli kwandon, ta ce wannan ya nuna kwalla ta fi mu ladabi, tunda ita ta san gidan makoki ba a surutu. Kwando kuma ramuka ne da shi, haske zai fito. Ta juya ta shige.

Madam Fati ta bi ta, wayarta a hannu, kiranmu bai yanke ba. Na mayar da abin kunne don in ce mata ta kashe, sai na ji muryar Hajiya Rabi, wadda ban ji ba tun rasuwa, ƙasa ƙasa, a gajiye.

"Yaya Kulu, a ruhe shi da abin da mai radiyo ya ce. Ni yaron nike so in gani."

Na yanke kiran nan take, domin ba da ni ake magana ba. Ba a daɗe ba Madam Fati ta fito ta karɓi kwandon. Ta ce Inna ta yarda, da sharaɗin kada ta ga ko ɗigon haske. Wannan mai sauƙi ne, akwai wurin kashe fitilar goshi a cikin apilikasiyon, na'urar ta ci gaba da aiki a duhu. Aka fito da ɗa daga kwalla, aka kifa masa kwando, na jira ya kama uwa, na kashe fitilar. A wayata ƙarfinsa ya cika, ya tsaya cak bai sake ɓacewa ba.

Ina cikin yin hamdala sai ga Inna Kulu ta sake fitowa. Ta ce ta ɗaga kwandon ta duba, babu ja babu fari, na kashe musu abin gaba ɗaya, yanzu da me za a ga yaron? Na ce Inna, ke kika ce kada a ga haske. Ta ce ta ce kada a ga haske, ba ta ce a kashe shi ba. Na ce yana da rai. Ta ce a ina, abin da ba ya ko ƙyafta ido? A nan na ji da akwai sauran kwano a gidan da na sa an cire don in huce. Na roƙi Madam Fati ta kira Harisu da hoto a gaban Inna. Ta kira, fuskarsa ta fito tar. Inna ta gaishe shi, ta yi masa barka, ta gaya masa cewa kwando ne ya gyara, bayan mai radiyo ya kwana biyu yana rushe musu gida.

Ranar suna na zo bayan sallar asuba na zauna a butik da wayata a hannu, ko da wani abu zai taso. Ba abin da ya taso. Abin da nake iya gani kawai shi ne waya ɗaya ta hau kan ɗa, kuma tana jan hoto ba tsayawa. Alhaji Mamman ya ba ni shayi, yana ta lissafa mini mutanen da zan nemo su mayar da rumfa. Ban ga Hajiya Rabi ba, ban ga yaron ba. Da rana ta ɗaga Madam Fati ta fito zaure idonta jawur, ta ba mu labari. Ta ce da aka yi addu'a aka kira sunan, Hajiya ta ƙura wa wayar ido. Sai ta ce a matso mata da yaron kusa. Da aka matso da fuskarsa ta cika wayar, ta dube shi ta ce, "To maigida, ka sa ni takaba, kai kuma kana can Kwatano kana shan nono." Inna Kulu ce ta fara dariya, dariyar ta juye mata kuka. Bayan an kashe waya Hajiya ta ce a dama mata fura.

Alhaji Mamman ya share fuskarsa da hannun riga, sannan ya tuna mini cewa tun ranar farko ya gaya mini ranar da abin ya mutu. Gaskiyarsa. Dalilin da ya ba ni ba shi da amfani, amma ranar daidai take, domin ranar da aka kai maigida ita ce ranar da aka rufe kwalla. Ku riƙe wannan: in mai gida ya gaya muku lokacin da abu ya lalace, ku ɗauki lokacin ko da bayaninsa ya ba ku dariya, sannan ku tambayi abin da aka saba yi a gidan a irin wannan rana.

Abu na biyu, a gidan nan ba wanda ya yi mini ƙarya ko sau ɗaya. Duk tambayar da na yi an amsa ta daidai. Mutanenmu ba sa ƙin bin umarnin mai gyara, sai dai su bi shi tare da na wanda ya girme shi, su nemo hanyar da duka biyun za su zauna a kan tebur ɗaya. Tun daga lokacin ba na tambaya ina aka aje shi in tsaya. Ina tambaya a cikin me, a ƙarƙashin me, me ke rufe da shi, wa ya rufe, kuma ina sauraron ɗakin ba mai amsa kawai ba.

Abin da ban iya gyarawa ba shi ne labarin kwando. Matan da suka zo gaisuwa sun kai shi gidajensu, Inna Kulu ta kai shi Tabla. Yanzu ina shiga gida a unguwar kasuwa in iske an kifa wa wifi kwando, wai yana ƙara masa ƙarfi. Na daina musu, tunda kaba ba ta hana komai, tana ma tare ƙura. Ko makon jiya wani ya kira ni daga Bonkuku, bai tambayi kuɗin aiki ba, bai tambayi irin na'urar ba. Abin da yake so ya sani shi ne, kwandon tare da kayan nake zuwa da shi ko shi zai saya a kasuwa. Na ce masa ya saya, amma ya tabbata na kaba ne.